Ranar da Hamidu Ya Yi Shiru Gaban Kawunsa

Bobboyi na Wuro Hausa ya zauna a tashar Jimeta yana jiran motar Maiduguri, hedkwatar sabuwar jiha. Wani ɗan kasuwa Babarbare da ke gefensa ya dube shi.

"Baba, na ga ranka a ɓace."

"Ɗana Hamidu aka hana aikin akawu. Zan je in ji dalili."

"Jarrabawa ya faɗi?"

"Wace jarrabawa? Zaunar da su aka yi a teburi ɗaya, aka ce su tattauna inda ya kamata a haƙa wa gari rijiya. Manya suka koma gefe suna kallo."

"Sabon tsari ke nan, ƙanena ma ya zauna. Me ɗanka ya ce?"

"Me zai ce? Kawunsa yana teburin, shi ma aikin yake nema. Ya ce, 'Haka ne, Kawu.'"

Babarbaren ya tafa hannu. "La ilaha! Ashe ɗanka ne! Ai ƙanena ya ba mu labari. Ƙanen nawa ne ya katse kawun nan, ya ce masa ya yi kuskure. Shi aka ɗauka."

Bobboyi ya zuba masa ido. "Ya katse wanda ya girme shi? Kuma aka ba shi aiki?"

"Har da yabo, Baba. Za a sake zama, kawun ma zai koma. Ka ce wa yaron ya buɗe baki."

Motar ta iso. Bobboyi ya ɗauki sandarsa, ya juya mata baya.

"Ba zan ce masa ba. Gara ya yi noma."