Injin Kumfa a Motar Isa

Muna zaune cikin motar zuwa garin Isa a tashar Sabon Birni muna jiran ta cika. Wani saurayi ya rungume kwali bisa cinya, wani dattijo na gefensa.

"Yaro, ba su kwalin ga su ɗaure sama mana."

"Haba Baba, injin kumfa ne fa! Daga Legas aka aiko min shi. Kifin teku nike kiwo cikin akwatin gilashi, har da murjani mai rai, irin wanda ke tsirowa cikin teku."

"Teku? A Isa?"

"Gishirin teku nike zuba ma ruwan. Injin na kaɗa shi da iska, kumfa ta taso da dauɗa, in zubar. Tsohon injina ya yi ƙanƙane, murjanin har ya fara koɗewa. Wanga ko ya ninka shi ƙarfi, kuma sola na ɗaukar shi!"

"Tsaya. Ka samu ruwa mai daɗi, ka zuba mai gishiri da hannunka?"

"Da hannuna!"

"Kifin na da tsoka?"

"Ba a ci, Baba, na kallo ne. Wani shuɗi, wani rawaya, kamar an rina su!"

"To kai ka taɓa ganin tekun?"

Saurayin ya gyara riƙon kwalinsa. "A waya."

Dattijon ya tuntsire da dariya. "Ni rijiya ukku na gina a garinmu Tozai, duk ruwan zartsi mai gishiri, ko jaki bai sha. Da baƙin ciki na cike su. Ashe teku Allah ya ba ni, na rufe da ƙasa!" Sai ya leƙa ta taga. "Direba, Tozai ta jira. Inda yaron ga ya sauka, nan za ni!"