Dutsen Ƙofar Masu Ziyara Ya Gaji da Sunaye

Mai girma shugaban taro, mai girma wakilin sabon gwamna, malamanmu masu kula da wuraren ibada, dattawan unguwanni, iyayena mata, 'yan'uwana masu sana'a, jama'ar wannan birni mai tsarki, ina yi muku sallama.

Ina godiya da aka ba ni dama, ko da yake an kira ni ne in faɗi ranar da zan fara aiki, ba in yi dogon bayani ba. Ni ne mai sassaƙar dutse na Ƙofar Masu Ziyara. Ubana ya yi, kakana ya yi, kakan kakana ma ya yi. An umarce ni in kankare sunan gwamnan da ya tafi daga dutsen saman ƙofar, in sassaƙa na wanda ya zo. An ba ni kwana bakwai, in ba haka ba a karɓe shagona. Maganata uku ce.

Ta farko, tarihi. Sarki goma, zamani goma, mun sani. Masu jiragen ruwa sun ci birnin nan, masu dawakai daga tsaunuka suka kore su, masu bindiga suka kori masu dawakai, masu takardu da hatimi suka gaji masu bindiga. Kowannensu ya shigo yana rantsuwa cewa hidimar wuri mai tsarki ce ta kawo shi. Kuma kowannensu, kafin ya gyara rijiya, kafin ya tambayi inda baƙi ke kwana, sai ya aiko gidanmu: a goge sunan wancan, a rubuta nawa! Sau goma sha ɗaya danginmu suka hau tsani saboda wannan aikin banza.

Ta biyu, dutsen kansa. Jama'a, suna a dutse ba alli ba ne da za a share da tsumma. Sai an fafe fuskar dutsen gaba ɗaya kafin a sami wurin sabon rubutu. Ina yaro na tambayi kakana, "Kaka, ina sunayen da ake gogewa suke tafiya?" Ya nuna mini garin dutse a ƙasa, ya ce, "Ga su nan, ɗauko tsintsiya." Na yi dariya a lokacin. Yau ba na dariya, domin dutsen da kaurinsa ya kai kamu guda a da, yanzu bai fi faɗin tafin hannuna ba. Shekaranjiya na hau na auna. Akwai tsaga daga kusurwar hagu, farcena yana shiga ciki. Na gaya wa injiniyan ofishin gwamna, ya ce, "Baba, a shafa siminti mana, wa zai gani?" Wa zai gani! Mutum dubu nawa ke bi ta ƙarƙashin dutsen nan kullum? Tsofaffi masu sanda, makafi, mata da goyo, mutanen da suka sayar da gonakinsu don su zo ziyara sau ɗaya kafin su mutu. Ƙanwata ma a nan take zama tana sayar wa baƙi ruwa, shekara ashirin ke nan.

Kuma ku jama'a, ban wanke ku ba. Duk mai mulkin da ya zo kun yi masa tafi, duk sunan da na goge kun tofa masa yawu, alhali jiya-jiya ku ne masu sumbatarsa. Raina ya ɓaci da ku, ya ɓaci da kaina, domin da hannuna na fafe dutsen nan sau biyu, na karɓi lada, na yi shiru.

Ta uku, amsata. Ranka ya daɗe wakili, ka isar da ita yadda na faɗa, kada ka sa mata zuma. Ban ƙi aiki ba. Gudumata tana nan, tsanina yana nan, gobe da safe ma zan iya hawa. Sharaɗina ɗaya ne: mai sunan ya zo da kansa, a ajiye masa kujera a tsakiyar ƙofar, ya zauna ƙarƙashin dutsen tun daga bugun farko har harafin ƙarshe. In ya zauna, zan rubuta. In kuwa yana tsoron zaman yini ɗaya a inda ƙanwata ke zama kullum, to ga makullin shagon, na ajiye a gaban shugaban taro, ba sai an jira kwana bakwai ba.

Allah Ya tsare masu shiga da masu fita ta wannan ƙofa. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen jin gaskiya tun kafin a kai ga makoki. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.