Gawon da Baba ya bari

Assalamu alaikum Malam, ka gafarce ni da na dame ka. Ni ce Saude daga Bande.

A zamanin noman gyaɗa an ce kowa ya sare itatuwan gonarsa tas, amma marigayi Baba ya bar gawo uku. Da ƙasar ta gaji, a gindinsu kaɗai hatsi ke yin kyau. Yanzu yayana na son sare su don tarakta ta wuce. Na ce, "Yaya, ba a raba gado ba, ina da haƙƙi." Ya yi dariya ya ce, "To ciro naki ki kai gidan mijinki."

Ban ɗaga murya ba, amma ba zan yarda ba. Mai gari zan fara gani, ko malaman daji? Don Allah ka amsa mini da wuri, damina ta ƙarato.