Kansila da Ramin Hanyar Coci

A ɗakin jira na wani gareji a yammacin ƙasar Ayalan, Malachy Tuohy na zaune ana canza masa taya, sai wata dattijuwa ta zauna kusa da shi.

"Bawan Allah, kai ma ramin hanyar coci ne ya kawo ka?"

"Shi ne, Mama."

"Ni da zan yi ido biyu da kansilanmu na gunduma, da ya sha baƙar magana. Motar asibiti ta kasa shigowa ta ɗauki mijina, sai a bayan tarakta aka fito da shi."

Malachy ya so ya yi gum, amma bakinsa ya ƙi.

"Ga ki ga shi. Ni ne."

Ta ƙare masa kallo. "Na jikin fostar zaɓe yana da gashi."

"Zaman majalisa ya cinye shi."

"To wai mene ne aikinku?"

"A dokance, mu ke amincewa da kasafin hanyoyi da gidaje. A zahiri kuwa, zuwa jana'iza da ɗaukar hoto da shebur. Na kai maganar ramin nan majalisa, aka kafa kwamiti, aka ba ni shugabanci. Har yanzu muna nazarin zurfinsa."

"Yau dai ka auna shi."

"Da tayata kuwa. Yaya jikin maigidan?"

"Da sauƙi. Shi ya matsa mini na zaɓe ka, wai kana da fuskar mai jin kunya."

Malachy ya sunkuyar da kai.

"To, wannan alkawarin kam kullum ina cika shi."