Eriyar oba-oba ta ƙona ni a kumatu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanmu da war haka.

Sunana Haladu, ina gadin wata gonar rani a yankin Ruwan Bago. Tun da matata ta rasu ni kaɗai nake a bukkar, kuma waya ba ta kamawa a wurin. Oba-obar da mai gona ya ba ni, wato rediyon hannu irin na 'yan sanda, da ita nake hira da Malam Sale, mai gadin injin ban-ruwa a ƙetaren fadama.

Kwanaki oba-obar ta faɗi, robar eriyar ta tsage har ƙarfe ya fito, ban damu ba. Ran nan bayan la'asar na manna ta a kumatu ina ta zuba, sai na ji zafi cau, kamar an ɗana min garwashi.

Na kai ta wajen mai gyara a Karaye. Ya ce, "Baba, ba a magana da fasasshiyar eriya. Ko lafiyayya ce, riƙe ta a tsaye, ka bar tazarar yatsu uku da bakinka, kuma kada ka daɗe kana danne da maɓallin." Ya riƙe ta sai an kawo sabuwar eriya daga Kano. Tun ranar ba ni da abokin magana.

Don Allah masana su faɗa mana, daɗewar da na yi ina manna ta a fuska, akwai abin tsoro?

Malam Sale, in kana saurare, ba fushi na yi ba, lafiyata ƙalau. Ka bar taka a kunne, kada ka kashe ta, da an gyara tawa za ka ji ni.