Saura Ɗaya a Waje

A bencin jiran likita a Potiskum, Hansatu tana ta share ido da gefen mayafi. Wani dattijo mai bandeji a goshi ya kasa haƙuri.

"Baiwar Allah, rasuwa aka yi?"

"A'a, Baba. Ɗana ne, Bilyamin. Tun yana ƙarami ba ya jin bari, yanzu ga gemu, amma kullum dambe da gudun wuce sa'a da Keke Napep. Likita ya ce lalura ce. Wai masu ita sun fi saurin mutuwa a hatsari ko faɗa, in ba a kula da su ba."

"Zancen banza! Ni ma haka nake, har a turke aka ɗaure ni, ga ni saba'in ba biyu! Mu bakwai ne, a saman tirelar shanu muke zuwa Legas, a tsaye!"

"Ina sauran shidan?"

"Mahdi gadar sama ce ta kwashe shi. An ce ya sunkuya, ya ce ita ta sunkuya. Lawan da bijimi ya yi gardama a kara, kasuwar shanu. Babaji kuwa..."

Ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, har shida.

"Allah Ya ji ƙansu. Goshin fa?"

"Wani direba ne ya yi min hon."

"Ya buge ka?"

"Ni na tunkuyi motar."

Aka kira sunan Hansatu. Dattijon ya rage murya.

"'Yata, in kin shiga, ki ce wa likita akwai saura ɗaya a waje."