An Yanka Fuloti Har da Kabarin Matata

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Baba Yohanna daga Kudenda, tsohon malamin firamare. Shirin nan naku ne abokin hirata tun da matata Saratu ta rasu. A gonata da ke bayan gida na binne ta, a gindin mangwaro, kamar yadda ake yi a ƙauyenmu.

Kwanakin baya ɗan ƙanena Bitrus, wanda ya girma a hannunmu, ya kawo mini takarda. Ya ce, “Baba, ma’aikatan masaƙa suna neman wurin gini. A yanka fuloti biyu ta bakin hanya, kai ma ka samu maƙwabta. Bayan gida kuwa ba mai taɓawa.” Idona ya yi rauni, amma na ji kunyar a ce ni da na koya wa yara karatu, yau sai an karanta mini. Na riƙe takardar kamar ina dubawa, na sa hannu.

Ashe fuloti biyar aka rubuta. Safiyo mai awon fili ya zo ya kafa turaku, kabarin Saratu ya faɗa cikin na huɗu. Wanda ya saya har ya sauke bulo, ya ce ƙarshen wata za a haƙa harsashin gini. Sau uku ina aikawa a kira Bitrus, sai ya ce aiki ya yi masa yawa.

Jama’a, ku ba ni shawara, wa zan kai wa kuka kafin wata ya ƙare? Kai kuma Bitrus, in kana saurare, wadda ke kwance a wurin nan ita ce ta goya ka.